Idan Madanni Ya Ƙi Aiki: Yadda Ake Rufe Rumfar Tsohuwar Buɗaɗɗiyar Mota Da Hannu

A bidiyoyin TikTok da Instagram abin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi: direba ya danna madanni, rufin mota ya ɗaga da kansa, ya naɗe, ya shige baya kamar an ja shi da zare. Waɗancan sababbin motoci ne. Buɗaɗɗun motocin da ake gani jefi-jefi a Anka, Gummi da Bukkuyum, ranar ɗaukar amarya ko yawon Sallah ko lokacin kamfe, galibinsu tsofaffi ne da suka gama rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka, suka biyo ta Kwatano ko Legas, suka sauya hannu a Kano ko Sakkwato kafin su iso. Da yawa sun haura shekara 20. Injin yakan kasance lafiya lau, domin injin Golf ko na Peugeot ba baƙo ba ne ga kanikawan yankin. Rumfar ce ke ba da ciwon kai, kuma sau da yawa ba ta nuna halinta sai bayan an riga an buɗe ta.

Rumfar da ta ƙi buɗuwa nishaɗi kawai ta hana. Wadda ta ƙi rufuwa kuwa, a tsakanin Mayanchi da Anka ko a hanyar Daki Takwas zuwa Gummi cikin watan Agusta, asara ce babba. Ruwa zai jiƙa kujeru, ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ya shiga wayoyin lantarki da ƙananan kwamfutocin da ke ɓoye a ƙasan mota. Ga shi kuma kowa a yankin ya san waɗannan hanyoyi ba wuraren da ake son doguwar tsayuwa ba ne, musamman in yamma ta yi, saboda matsalar 'yan bindiga. Kamfanonin da suka ƙera motocin sun tanadi hanyar rufe rumfar da hannu idan na'ura ta gaza. Akasarin masu motocin ba su taɓa gwada wannan hanya ba, wasu ma ba su san da ita ba.

Wace irin rumfa ce a kan motar?

Duk rumfar yadi gininta ɗaya ne da na lema. Akwai ƙarafa masu gaɓoɓi a gefen dama da na hagu, da wasu lanƙwasassun ƙarafa da suka gitta daga gefe zuwa gefe suna tallafe yadin, da sandar gaba wadda ke zama a saman gilashin gaba ta kulle. A cikin gefen yadin kuma akwai siraran igiyoyin ƙarfe da ke ɗame shi don kada iska ta daga shi. Inda motoci suka bambanta shi ne abin da ke motsa wannan firem ɗin.

Wasu hannu ne kawai. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989, ita ce ta fi shahara a wannan rukuni, haka Mercedes SL da aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, da yawancin Golf Cabriolet na farko wanda kamfanin Karmann na Jamus ya riƙa haɗawa daga 1979 zuwa 1993. Mai irin waɗannan ya huta da rabin matsala, tunda babu abin da zai mutu a cikinsu sai dai ya cije.

Wasu kuma rabi da rabi ne: direba ya saki sakatun gaba da hannu, sannan na'ura ta ƙarasa naɗewar. Golf 3 Cabriolet mai lantarki haka yake. Wannan mota tana da farin jini a wurin mai neman araha, saboda Golf 3 ta cika tashoshin Zamfara, kayan injinta da na ƙafarta ana samun su a kusa. Sai dai kayan rumfar ba sa cikin waɗanda ake samu a shagon bakin tasha.

Rukuni na uku su ne masu yin komai da kansu, kuma a nan akwai iri biyu da bai kamata a gwama su ba. BMW 3 Series mai lambar E36, ta shekarun 1990, ƙananan injinan lantarki ne ke tura rumfarta ta hanyar haƙoran giya da sanduna. Ƙanwarta E46 da ta biyo baya a 2000, da Mercedes SL mai lambar R129 ta 1989 zuwa 2001, duk man haidirolik suke amfani da shi. R129 ɗin ma silindojin da ke aikin rumfarta sun haura 10, kowanne da robobinsa da za su iya tsufa su fara yoyo. Kyakkyawar mota ce, amma wanda zai saye ta ya san ya sayi aiki.

Ganewa ba wuya. Idan aka danna madanni aka ji gunjin famfo daga cikin but ko bayan kujerar baya, kuma aka ga siraran bututai suna bin ƙarafan, haidirolik ce. Idan babu bututai sai wayoyi da sanduna, lantarki ce zalla. Peugeot 206 CC da ake yawan gani ba ta cikin wannan bayani gaba ɗaya, domin rufinta ƙarfe ne mai naɗewa, tsarinsa daban.

Kafin a kai ga hannu

Sau da yawa rumfar lafiyarta ƙalau, kwamfutar motar ce ta hana ta motsi saboda wani sharaɗi bai cika ba. Motocin nan suna da ƙananan na'urorin ji a wurare da dama da ke shaida wa kwamfuta cewa but a rufe yake, ko birkin hannu a ɗage yake, ko motar a tsaye take. Wasu suna da wani shinge a cikin but da dole a gyara zamansa kafin rumfa ta samu wurin shiga. Jakar kaya ɗaya da ta ture wannan shinge ta isa ta tsayar da komai.

Sai batir. Famfon rumfa yana jan wuta sosai, kuma batirin da zai iya tayar da mota da ƙyar ba lallai ya iya ɗaga rumfa ba. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, kuma kusan 14 idan inji yana aiki. Ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran waya za ta nuna wannan. Shi ya sa aka fi so a motsa rumfa inji na kunne. Idan kuma an yi ta buɗewa da rufewa don ɗaukar bidiyo, famfon yakan yi zafi ya kashe kansa, sai an ba shi mintoci ya huce.

Fiyus ma yakan ƙone. Idan ya ƙone a sa wani mai lamba irin tasa. Al'adar nan ta naɗa waya a gurbin fiyus, wadda wasu masu wayarin ke yi don a samu a wuce, a kan layin da ke jan wuta irin wannan gayyatar gobara ce.

Sauti yana ba da labari. Idan aka danna ba a ji komai ba, matsalar ta wuta ce ko ta na'urar ji. Idan famfo yana gunji amma rumfa ba ta motsi, ko tana motsi gefe ɗaya, to mai ya ƙare ko wani silinda yana yoyo, kuma ci gaba da dannawa ƙara ɓarna ne. A nan ake cire hannu daga madanni.

Sakin ƙarfin mai

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke karya rumfa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga jak ɗin haidirolik. Mota guda tana zaune a kansa ba ya sauka, ko mutum goma za su hau. Amma da mai faci ya ɗan murɗa ƙaramin noti a gindinsa, sai ya sauka a hankali. Dalili shi ne mai ba ya matsuwa. Muddin hanyar fitarsa a toshe take, silinda ya zama kamar sandar ƙarfe.

Silindojin rumfa haka suke. Samari biyu masu ƙarfi za su iya jan rumfar da man cikinta ke kulle, kuma wani abu zai saki, amma abin da zai saki shi ne ƙarfen firem ya lanƙwashe, ko robar silinda ta fashe, ko bututu ya tsage. Firem ɗin da ya karkace ba ya komawa daidai a hannun fanel bita, domin gaɓoɓinsa da yawa ne kuma dole kowace ta dace da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen.

Don haka da farko a kashe motar a zare makulli. A motoci irin Golf Cabriolet, akwai ƙaramin bawul a jikin famfon da ke cikin but, bayan kafet ɗin gefe. Ana murɗa shi ta hagu kaɗan, yadda ake kwance noti, ba tare da an cire shi gaba ɗaya ba. Hakan yana buɗe wa man hanya ya riƙa zagayawa. A wasu motocin kuma babu bawul da za a taɓa, kashe motar da ɗan jira ne ke sauke ƙarfin. Littafin kowace mota yana da babi na musamman kan rufewar gaggawa, kuma shi ne zai faɗi wanne ne nata.

Masu lantarki zalla ba mai za a saki ba, giya za a raba. A BMW E36 akwai wani mariƙi a ƙarƙashin kujerar baya wanda idan aka ja shi yake raba injinan da firem ɗin, sai rumfar ta koma ta hannu. Amfaninsa babba ne, amma yana da sharaɗi: bayan an ja shi kada a sake taɓa madanni sai an mayar da injinan mazauninsu an daidaita su da juna. Yin hakan aikin zama ne a gida ko a gareji.

Ɗagawar kanta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan jinkar ma haka. Mutum biyu ake buƙata, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su riƙa tafiya tare. Idan ɗaya ya riga ɗaya, firem ɗin yana murɗewa.

A fara sauke gilasan gefe duka, a buɗe ƙofofi, a sauke abin tare rana na gaba don a ga ramukan sakata. Idan gilasan na lantarki ne a sauke su tun kafin a zare makulli. Idan motar tana da murfi da ke rufe rumfar a baya, shi za a fara buɗewa. A motocin da ke yin komai da kansu wannan murfi yana da makullai na ɓoye da ake saki da wata sifana ta musamman ko alanki, wanda kamfani ya sa cikin kayan aikin motar. Kusan kullum wannan sifana ta ɓace kafin motar ta iso Najeriya. Mai hankali yana neman madadinta tun yana gida, ya ajiye ta a aljihun gaba.

Daga nan kowa ya kama sandar gaba ta gefensa, a ɗago ta sama sannan a turo ta gaba. Za a ji nauyi da wata irin turjiya mai laushi, wato man ne ke bin ƙaramar hanya. Gaggawa ba ta ƙara masa sauri. Turjiya mai laushi a ci gaba da ita a hankali. Turjiya mai tauri, wadda ta tsaya cak, tana nufin akwai abin da ya maƙale ko makullin da ba a saki ba, sai a tsaya a duba.

Yatsu su tsaya a kan sandar gaba kawai. Gaɓoɓin gefe suna haɗuwa kamar almakashi, kuma rumfar da aka saki ƙarfin manta ba abin da ke riƙe ta a tsakiya. Idan aka sake ta za ta faɗo gaba ko baya da nauyinta. Yara da kan taru duk inda irin wannan mota ta tsaya, a matsar da su.

A motoci masu murfi akwai wani tsari da ke rikita mutane. Bayan rumfa ta fito, ana ɗaga gindinta na baya, wato ɓangaren da ke ɗauke da tagar baya, ya miƙe tsaye. Sai a rufe murfin a ƙarƙashinsa, sannan a sauke gindin ya zauna a kan murfin. Wanda ya manta ya sauke gindin kafin ya rufe murfi zai goge fenti ko ya yaga yadi.

Akwai kuma batun iska, wanda littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. A wannan yanki hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa, kuma guguwa mai ƙura ce ke riga ruwa isowa. Rumfar da aka ɗaga rabi cikinta yana kallon gaba ne, don haka iskar da ta bugo daga gaban mota za ta cika ta kamar buhu ta banƙare ta baya. Ya fi kyau bayan motar ya kalli inda iskar ke fitowa, ko a samu gini a fake. Anka, Bukkuyum da Gummi a jere suke daga gabas zuwa yamma, saboda haka mai tafiya daga Anka ya nufi Gummi sau da yawa hadarin yana bayansa ne, mai dawowa kuma yana fuskantarsa, sai ya juya motar kafin ya fara. Mafi sauƙi duka shi ne a rufe tun gabas ta fara duhu.

Kullewa

Idan sandar gaba ta sauka kan gilashi, mutum ɗaya ya shiga ciki ya jawo ta ƙasa ta mariƙin tsakiya, ya tabbatar ƙusoshin jagora sun shiga ramukansu. A motoci masu sakata biyu, a fara saƙala ƙugiyoyin duka biyu tukuna, sannan a danne su ɗaya bayan ɗaya. Idan aka danne ɗaya gaba ɗaya alhali ɗayar ba ta shiga ba, sandar takan karkace. Motocin da ke kulle kansu suna da wani rami a tsakiyar sandar ko a gefenta, a ƙarƙashin ɗan murfin roba, inda ake zura alanki a murɗa har ya tsaya.

Ba a tuƙa mota da rumfar da ba ta kulle ba, ko da tafiyar daga kasuwa zuwa gida ce. Iskar gudu tana shiga ƙarƙashin sandar ta ɗaga ta, kuma rumfar da ta tashi ana cikin tafiya tana iya toshe wa direba gani ko ta balle kan na baya. Idan ta ƙi kulluwa sam, a ɗaure ta da igiya mai ƙarfi daga ciki a tafi a hankali zuwa wuri mafi kusa.

Bayan an gama a tuna a mayar da bawul ɗin famfo a ɗaure. Wanda ya manta, gobe zai danna madanni ya ji famfo yana gunji rumfa ko gezau, ya ɗauka famfon ya mutu, wataƙila har ya biya kuɗin wani.

Idan kuma mai ne ya ragu, a kiyayi abu ɗaya: ba a zuba man birki a famfon rumfa. Sinadarinsu ba ɗaya ba ne, kuma man birki yana kumbura robobin silinda ya lalata su duka. Baƙin man inji ma ya yi kauri. Kowane kamfani ya ayyana irin man haidirolik ɗin da ya dace da motarsa. Kuma man rumfa ba ya ƙonewa kamar fetur, in ya ragu to wani wuri yake zuba. Danshin mai a kafet ɗin but ko ɗigo daga saman gilashin gaba shi ne shaida.

Masu rumfar hannu zalla

Su nasu aikin gajere ne: a tsaya, a ja birkin hannu, a ɗan sauke gilasai, a saki sakatu, a ɗaga daga tsakiya a mayar baya. Abin lura shi ne tagar baya. A MX-5 ta farko tagar ta leda ce mai zif, kuma ana zuge ta a kwantar da ita tukuna kafin a naɗe rumfar. A wasu motocin tagar leda tana naɗewa tare da yadin. A irin waɗannan, idan rumfa ta kai rabi sai a tsaya a danna tsakiyar tagar da gefen hannu don ta lanƙwasa a zagaye. Idan ta karye a kan layi ɗaya, wannan layin ne zai zama tsaga nan gaba. A kuma duba kada yadin ya shiga tsakanin ƙarafa biyu, domin nan ne ƙananan hujoji ke farawa.

Sanyi yana da tasiri. Da safiyar hunturu, a Disamba ko Janairu, yadin roba yana ƙanƙancewa ya yi tauri, sai sandar gaba ta kasa kaiwa ga sakata da ɗan taƙi kaɗan. Haka ma rumfar da aka bari a naɗe wata da watanni. Maganin kyauta ne a nan: a fito da motar rana, a bar rumfar a ɗage na rabin awa, za ta yi laushi ta miƙe. Tagar leda ma ba a naɗe ta da sanyin asuba.

Ƙura da rana

Turai ruwa da dusar ƙanƙara ne ke cin rumfa. A yammacin Zamfara ƙura da rana ne. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin firem, ta haɗu da giris ta zama kamar yashin gogewa. Shi ya sa lafta giris mai yawa, wanda kanikawa ke yi da kyakkyawar niyya, yake ƙara cijewar. Ya fi kyau a goge tsohon, a ɗiga mai mara kauri kaɗan a kan kowace gaɓa, a share abin da ya malalo kada ya taɓa yadi.

Tagar leda ba a share ta a bushe. Tsumma ɗaya a kan ƙura ya isa ya bar mata zane da ba ya fita. A fara kwarara mata ruwa, sannan a bi da tsumma mai laushi. Yaran wankin mota su san ba a sa mata fetur ko kananzir ko bilic, kuma shi kansa yadin ba ya son omo mai ƙarfi ko burushi mai tauri. Robobin da ke bakin gilasai man silikon ko gilisarin suke so. Basilin da baƙin mai suna kumbura su.

Zafin Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana busar da zaren ɗinki ya sa tagar ta yi rawaya. Inuwa ce kaɗai maganinsa. Da damina kuma ba a naɗe jiƙaƙƙiyar rumfa a bar ta, za ta yi fumfuna da wari. A wurin da rumfa ke kwanciya akwai ƙananan magudanai da ke fitar da ruwa ta ƙarƙashin mota, kuma ƙurar rani tana toshe su. A watan Mayu, kafin ruwa ya kankama, a zuba kofin ruwa a wurin a duba ko ya fito ta ƙasa. Wanda ya ga irin ruwan da ya jawo ambaliyar Gummi a Agustan 2024 ya san abin da toshewar magudana ke nufi a mota mai famfo da kwamfuta a cikin but.

Masu ɗinkin rumfar Keke Napep da kujerun mota suna iya taimakawa fiye da yadda ake zato. Za su iya sauya zif, su sake bin ɗinkin da ya warware, su sa sabuwar tagar leda. A nemi su yi amfani da zaren roba mai jure rana maimakon na auduga. Abin da ba za su iya ba da tabbacinsa ba shi ne sabuwar rumfa cikakkiya da tamfol ɗin keke. Yadin rumfa mai kyau hawa uku ne, da shimfiɗar roba a tsakiya, kuma an yanke shi ne daidai yadda zai naɗe a wuri ɗaya kullum. Tamfol mai kauri yana iya hana murfin baya rufuwa ko ya wahalar da famfo. Idan dole ta sa, kada a yar da tsohon yadin, shi ne ma'aunin da za a bi.

Abin da wayar hannu za ta iya yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Littattafan yawancin waɗannan motoci suna nan a intanet, haka bidiyoyin rufewar gaggawa a YouTube. A bincika da sunan motar da shekararta, domin kamfani ɗaya yakan sauya tsari tsakanin shekara da shekara. A sauke littafin da bidiyon a cikin waya, a kuma ɗauki hoton shafukan da suka dace. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a tuna musu dalili: a farkon Satumbar 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin katse layukan sadarwa a faɗin jihar, aka shafe makonni babu sabis. Ko a yanzu akwai wurare a kan waɗannan hanyoyi da sabis ke ɗaukewa.

Ƙananan na'urorin OBD2 masu haɗuwa da waya ta Bluetooth suna da amfani, amma kada a ɗora musu buri. Masu arahar galibi kwamfutar inji kawai suke karantawa, ba sa ganin ta rumfa. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da wannan soket, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Tsofaffin BMW da Mercedes na kafin lokacin wani zagayayyen soket suke da shi a wajen inji, wanda ke buƙatar mahaɗi na daban.

Amfani mafi girma shi ne kyamara. Ranar da rumfa ke lafiya, a ɗauki bidiyonta tana buɗewa da rufewa daga gefe, don a san wane ɓangare ne ke fara motsi. Sannan a tsakar gida, da rana, mai motar da wanda suka saba tafiya tare su kashe mota su gwada rufewa da hannu daga farko har ƙarshe, su auna lokacin da agogon waya. Karon farko zai ɗauki lokaci, yawanci wajen neman bawul da ramin alanki. Karo na biyu ba zai kai rabin haka ba.

Wanda kuma yake shirin saye, a Gusau ne ko Kano ko Sakkwato, kada ya wadatu da dillali ya danna madanni sau ɗaya. A buɗe a rufe sau uku a jere, ana kallon ko gefe ɗaya yana riga ɗaya. A ɗaga kafet ɗin but a shafa a ji ko akwai mai. A nemi sifanar gaggawa da littafin motar. Sannan a rufe rumfar, mai saye ya zauna ciki da gilasai a ɗage, a sa yaro ya kwara mata bokiti biyu na ruwa ta saman gilashin gaba da ta kan tagar baya.